Taken Guduma a Zangon Ankara

Shekara biyar bayan yaƙin da ya cinye Salaga, Zangon Ankara ya ga shekarar gwanaye irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. A tseren dawakin da Turawa ke yi kusa da bakin teku, wani Bafillace siriri kamar tsinken tsire ya hau godiyar wani attajiri, ya bar dawakin Turawa suna bin sawu. A barikin sojan Hausa, Kofur Issah ya ci harbin bindiga, harsashi bakwai a rami ɗaya, in ji masu faɗa, ko da yake masu faɗar babu wanda ya je wurin. 'Yan dakon kasuwa suka ja sojoji a jan igiya har sajen sojojin ya ci ƙasa da haɓa. Mansuru Bazabarme ya kayar da mutum goma sha ɗaya a kokawa bai ko sake ɗaura warki ba. Tete, wani masunci ɗan ƙabilar Ga, shi da mutanensa suka ci tseren kwale-kwale. Hatta dara ta yi zakara, wani tsoho mai ido ɗaya da ya hana kowa sakat a gindin ceɗiyar masallaci.

Al'adar Zango ita ce, ranar Cika-ciki da hantsi Sarkin Fawa ya tara jama'a a filin mayanka. Makaɗinsa Mas'udu ya kama kalangu ya riƙa kiran gwanayen shekara ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa, wato kiɗan da aka yi masa shi kaɗai. Wanda aka kira ya fito ya zaga fili, a ba shi cinyar rago da goro. In an gama da gwanaye kuma sai a ba baƙi dama, duk mai kewar gida ya sa a kaɗa masa kiɗan garinsu. Tun watan Layya ake ɗokin wannan rana, kowa na cika baki da gwaninsa.

Mutum ɗaya ne a Zango bai sa baki a wannan hira ba, shi ne Mumuni mai ɗaurin goro a gidan Maigida Idrisu. Aikinsa ya tsince ruɓaɓɓe, ya yayyafa wa ganye ruwa, ya ɗinke huhu da basilla, a kai bakin teku a sa a jirgin Ikko. Ƙato ne, faɗin kafaɗarsa ya isa a shanya barkono, amma ko kaji ya gani suna faɗa sai ya sake hanya. Komai zafin rana yana cikin taguwa mai dogon hannu. 'Yan dako suna ce masa girman banza, suna cewa Allah ya ba kuturu zobe. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinki, kuma tsokanar tana yi masa daɗi, domin ita ce bargon da yake lulluɓa da shi.

A Salaga ba Mumuni ake ce masa ba, Guduma ake ce masa, kuma shekara shida yana dambe gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A damtsensa na dama akwai tsaga tara da aka cusa wa magani. Wata ranar kasuwa wani saurayi mai suna Osumanu, ɗan gidan fatake, wanda ba ma zuriyar mahauta ba ne, ya ɗaura zare don abokai sun zuga shi. Naushi ɗaya Guduma ya yi masa a ƙasan kunne. Aka yayyafa masa ruwa, aka yi masa fifita, bai tashi ba. Wan mamacin, Mahama, yana kan hanyar Kano da ayari a lokacin, shi ya sa bai taɓa ganin fuskar Guduma ba. Da saƙo ya riske shi sai ya dafa Alƙur'ani a gaban ayari ya rantse cewa rai zai biya rai. Kafin ya dawo yaƙi ya watsa Salaga, Guduma ya bi 'yan gudun hijira ya yi kudu har ƙasa ta ƙare masa a bakin teku.

Matarsa Zenabu ce kaɗai ta san wannan, domin ba a ɓoye wa mata damtse. 'Yar wani tsohon soja ce, uwarta mutuniyar Ga, tana sayar da dokunu, wato tuwon masara da ake naɗewa a ɓawo, da soyayyen kifi, kuma Hausarta ta Ankara ce, namiji da mace duk kuɗinsu ɗaya a bakinta. Suna da 'ya ɗaya, Sharifa, wadda ta doshi shekara huɗu. Bara ƙyanda ta kama yarinyar ta yi kwana shida tana kuka, babu goyon da ya rarrashe ta sai in uban ya kwantar da ita a ƙirjinsa yana buga mata baya da yatsu. Tun daga nan ta saba, ba ta barcin rana sai an buga mata. Mumuni bai taɓa tsayawa ya tambayi yatsunsa abin da suke kaɗawa ba.

Kwana huɗu kafin Cika-ciki, masu kawo goro daga Kumasi suka zo da labari. Wai akwai wani dattijo mai kamala, ɗan asalin fatake, da yake bin zango-zango da kalangu a hammata kamar ɗan mahauta, kuma take ɗaya tak ya iya. Ya kaɗa a Kete, ya kaɗa a Kintampo, ya kaɗa a Kumasi. A Kintampo wani ya yi tsima ya faɗo fili, dattijon ya janye masa hannun riga ya duba damtse, ya ba shi haƙuri ya sallame shi. 'Yan dako suka yi ta dariya, suna cewa duniya ba ta rabo da mahaukata. Mumuni yana tsugune yana ɗinki, basilla ta shige masa ɗan yatsa bai ji ba sai da ya ga jini a kan ganye.

Washegari mutumin da kansa ya yi sallama a gidan Maigida Idrisu, domin baƙon fatake gidan fatake yake sauka. Ba ƙato ba ne. Siriri ne mai furfura a gemu, da carbi a hannu, da magana a hankali kamar mai jinya. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, har da Mumuni, ya ce masa sannu da aiki. Mumuni ya amsa da muryar da shi kansa bai gane ta ba. Abin da ya fi tsorata shi, kunnuwan mutumin irin na Osumanu ne sak, masu ɗan buɗewa kamar marfin tulu. Nan take ya gane Mahama ne.

Wanda bai tashi cikin 'yan dambe ba zai ce ai da sauƙi, a kaɗa kiɗa ka yi kamar ba ka ji ba. To, ba haka abin yake ba. Ranar da aka yi wa ɗan dambe tsaga ana kaɗa takensa ake cusa maganin, har jiki da kiɗan su zama abu ɗaya. Daga nan ko yana kan gadon jinya ya ji shi, sai tsima ta kama shi, gashin jikinsa ya miƙe, ƙafa ta kai shi fili ba da shawararsa ba. An ga wanda ya bar gawar ubansa a makabarta ya bi kalangu. Mahama ya san haka, shi ya sa ya zubar da girmansa ya durƙusa gaban tsohon makaɗin Salaga ya koyi taken kafin tsohon ya rasu.

Mumuni ya yi tunanin gudu, ya ga jirgin Ikko sai bayan Cika-ciki da kwana biyu, kuma wanda ya ɓace ana gobe kiɗa ya faɗi sunansa da kansa. Ya yi tunanin kwanciya ya ce zazzaɓi, ya tuna shi ne mai riƙe kwandon goron da Maigida ke bai wa gwanaye kowace shekara, ga shi kuma kalangu ba ya sallama kafin ya shiga ɗaki. Zuwa wurin Bature kuwa kai kai ne ga igiya, domin sai ya fara faɗin wanda ya kashe. Zenabu ce ta kawo dabara. Ta sayo kakin zuma a kasuwa ta murza shi ya yi laushi, ta ce zai toshe kunnuwa da shi ya jawo hula ta rufe.

“Baban Sharifa, ka riƙe basilla cikin hannu,” in ji ta. “In jikinka ya fara, ka matse shi ya shiga nama. Kiɗa nan ba ya wuce shan koko ɗaya. Ka daure, mutumin zai tafi nashi gaba.”

Ranar Cika-ciki gari ya waye da hadari, amma ruwa bai sauko ba. Filin mayanka ya cika har kan katanga, sojoji da jajayen huluna, fatake, masunta, mata da faranti a ka. Zenabu ta kafa tukunyarta a gefen fili, Sharifa na zaune kusa da ita tana wasa da ɓawon masara. Mumuni ya tsaya bayan kujerar Sarkin Fawa, kwando a hannun hagu, basilla a dama, duniya ta yi masa shiru kamar ya nutse a rijiya. Yana ganin bakuna suna buɗewa suna rufewa, ba ya jin komai sai bugun zuciyarsa.

Haka ya kalli gwanayen shekara suna wucewa. Bafillacen doki ya fito yana jin kunya kamar amarya. Kofur Issah ya fito yana taku ɗai-ɗai. Mansuru ya ɗaga wani ɗan kallo sama ya dire shi, jama'a suka dara. Tete da mutanensa suka shigo da filafilansu suna rawar da ba ta bi kiɗan ba. Kowanne Mumuni ya miƙa masa goro ya sunkuyar da kai. Da aka kira zakaran damben bana, wani mahauci mai gajeren wuya, ya fito yana naushin iska, Mumuni ya lura yana sauke hannun hagu duk lokacin da zai kai naushi, ya ji haushin kansa da ya lura.

Sai ya ga Mas'udu ya sauke kalangu ya koma gefe. Mahama ya fito tsakiyar fili, ya cire carbi ya sa a aljihu, ya saɓa nasa kalangun. Wasu suka fara dariya ganin dattijo da babbar riga ya rungumi kayan mahauta. Ya ɗaga makaɗi ya sauke.

Kaki ya hana kunne ji, amma bai hana ƙirji ba. Kiɗan ya biyo ta ƙasa ya hau ƙafafunsa, bugu biyu gajeru, biyu gajeru, sannan dogo mai nauyi. Tsagar nan tara suka fara ƙaiƙayi a ƙarƙashin taguwa. Gashin wuyansa ya miƙe, goro ya fara tsalle a cikin kwando. Ya matse basilla har ya ji ta tsaya a ƙashi, jini mai ɗumi ya cika masa tafi. Ya kafa ido a kan wani ƙuda da ke yawo a ƙeyar Sarkin Fawa, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Tsoro ya ji irin wanda bai taɓa ji a gaban namiji ba, domin wannan karon da jikinsa yake faɗa.

Mahama yana kaɗawa yana zagawa a hankali, yana duban fuska bayan fuska. Ya zo daidai kujerar Sarkin Fawa, idonsa ya bi ta kan Mumuni, ya wuce. Ya sake zagowa, ya sake wucewa. A zagaye na uku hannunsa ya fara sanyi, kafaɗunsa suka sauka irin na wanda ya saba komawa hannu wofi. Mumuni ya ji tsimar ta fara sakinsa. Ya ce a ransa ya tsira, har ya nemi Zenabu da ido don ta gani.

Zenabu ba shi take kallo ba. Tana tsaye da ludayi a hannu, bakinta a buɗe, tana kallon tsakiyar fili. Jama'a kuma duk sun juya wuri ɗaya, suna dariya suna tafi. Mumuni ya bi idanunsu. Sharifa ce a tsakiyar fili, da ɗan zanenta ya kusa kwancewa, tana dire ƙafa daidai kan kiɗan, biyu gajeru, biyu gajeru, dogo, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Bakinta yana motsi. Ya sa yatsa mai jini ya ƙwaƙule kakin, hayaniyar fili ta faɗo masa a ka, a cikinta kuma ya tsinci siririyar muryar 'yarsa tana rera abin da ya riƙa raɗa mata a kwanakin ƙyanda: “Kauce, kauce, ga guduma.”

Kalangu ya yi shiru. Shekara biyar Mahama yana kaɗa wannan take, bai taɓa faɗin kalmominsa a gaban kowa ba. Ya tsuguna a gaban yarinyar, ya gyara mata zane, ya ɗauke ta ya ɗora a hannu kamar jikarsa. Zenabu ta ajiye ludayi ta matso bakin fili.

“'Yan mata, wa ya koya miki wannan waƙa?” ya tambaye ta.

“Kiɗan barcina ne,” in ji Sharifa. “Baba yake yi mini.”

“To, ina Baban?”

Ta waiga tana nema cikin taro, tana murna za ta nuna shi. Mumuni bai bari ta ɗaga yatsa ba, domin bai so ta girma a ce mata ita ta nuna. Ya ajiye kwandon a ƙasa, ya ratsa ta gefen kujerar Sarkin Fawa ya shiga fili da ƙafarsa. Tsimar da ya danne ta dawo masa gaba ɗaya, yana tafe yana kakkarwa, jama'a suna ta mamakin abin da ya sami girman banza. Ya tsaya gaban Mahama ya janye hannun taguwa har kafaɗa.

“Malam, sauke ta,” ya ce. “Ga abin da kake nema.”

Mahama ya dubi damtsen, leɓunansa suna motsi yana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya har tara. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya miƙa masa yarinyar a hankali, ya shafa kanta ya ce Allah ya raya ta, tana da kunne. Sannan ya matso yadda babu mai ji sai su biyu, ya ce wannan wata ne mai alfarma, ba a zubar da jini a cikinsa, kuma shi ba ya karya dokar Allah don cika tasa rantsuwar. Ya ce saura kwana ashirin wata ya mutu. Ya saɓa kalangunsa ya fita daga fili, mutane suna ba shi hanya ba su san dalili ba.

Kafin la'asar duk Zango ya san wane ne Mumuni. 'Yan dakon da suka shekara suna tsokanarsa suka riƙa gaishe shi daga nesa. Sarkin Fawa da liman suka tafi wurin Mahama da maganar diyya da haƙuri, suka tunatar da shi cewa mutuwar fili ƙaddara ce. Ya saurare su da ladabi har suka gama, ya yi musu godiya, ya ce ƙanensa ba ɗan fili ba ne, kuma Guduma ya san haka tun kafin ya ɗaga hannu. Da aka kawo wa Mumuni wannan amsa bai musa ba, domin gaskiya ce. Ya ga yadda yaron ya tsaya a ranar, ya san bai iya ba, amma kiɗa na tashi.

Maigida Idrisu ne ya ce ya raka huhunan goro zuwa Ikko, daga can ya nausa inda Allah ya nufa, in ƙura ta lafa a aika masa da iyalinsa. Aka shirya abin a ɓoye, aka ce wa kowa wani ne zai raka kayan. Zenabu ta ɗaure masa hannu da tsumma, ta ƙulle masa dokunu shida da kifi. Ba ta yi kuka ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa Sharifa murya a kan abin da ya faru ba.

Ankara ba ta da matsayar jirgi, jirgin Ikko can nesa yake tsayawa, sai kwale-kwale ya keta igiyar ruwa ya kai mutum. Ranar tashin jirgi da hantsi suka isa bakin teku, ruwa yana ta tumbatsa irin ta damina. Kwale-kwalen Tete ne zai ɗauki kayan, an riga an loda huhuna sun yi tudu a tsakiya. Sharifa tana goye a bayan uwarta, ta miƙo hannu ta ce Baba bai yi mata kiɗan barci ba jiya. Ya ce in ya dawo zai yi mata. Ya juya da sauri ya shiga ruwa har gwiwa, Tete ya kama shi ya jawo shi ciki.

Masunta suka tura, suka kama waƙarsu, igiyar farko ta ɗaga su ta dire. Mumuni ya waiga ya hango Zenabu tana ƙanƙancewa a kan rairayi, da ɗan hannun Sharifa yana bubbuga kafaɗar uwar. Ya ji wani sanyi a ransa, ko ba komai ya janye abin daga kansu. Tete ya ce masa ya zagaya bayan kaya ya zauna, teku yana fushi yau. Ya dafa huhu ya zagaya.

A bayan tudun goron akwai fasinja ɗaya da ya riga shi shiga, ya naɗe kalangu cikin buzu don kada ruwa ya taɓa fatar, yana jan carbi. Ya ɗago kai ya dubi Mumuni, ya dubi ƙullin dokunu, sannan ya matsa gefe ya bar masa rabin katakon da yake zaune a kai.

“Zauna, kada ka kifar da mu,” in ji Mahama. “Saura kwana goma sha takwas.”

Mumuni ya dubi gaɓa, ta yi nisan da ba a komawa, shi kuwa bai iya iyo ba. Ya zauna, kafaɗarsa tana gogar ta mutumin duk lokacin da igiya ta ɗaga su.